Tawadar da Na Sha

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba ni miji kuma Ya karɓi abinSa. Ni ban iya rubutu ba, ko na boko ko na ajami, duk inda aka nemi sa hannuna dangwale nake yi. Ɗiyata ta fari ce zaune a gabana tana ɗaukar maganar nan, kuma mun yi da ita abin da na faɗa shi za ta sa, ba za ta yayyafa wa ko kalma ɗaya ruwan sanyi ba. In na ce munka sai ta rubuta muka, wai haka takarda ta gada. Na bar mata wannan, amma na ce maganar da ta fito daga bakin mutane a bar ta yadda suka yi ta. Ina kallon hannunta yana tafiya, ba na jin komai, don da biro take yi, biro kuwa bebe ne. Ni da rubutu mai murya na yi zaman aure, kuma a kan muryar nan nake fushi. Mutane sun ɗauka tsufa ne ya taɓa ni, tsohuwar da ba ta san alif ba tana fushi da ƙanen mijinta a kan alƙalami. To a rubuta, wanda ya karanta ya yi mana alƙalanci.

Daga Dakko aka kawo ni gidansa a Bakura. Danginsa mahauta ne da dillalan shanu, shi aka sa a boko, ƙanensa aka sa a allo. Ya zama malamin dabbobi, yana duba shanu a kasuwa kafin a yanka. Ba ya shan taba, ba ya zaman dara, goro ma sai an matsa masa. Wani a garin yana kiwon tantabaru, wani yana kiwon doki ba don ya hau ba, shi kuwa kiwon alƙalami yake yi, kuma da bakinsa yake kiran abin kiwo. Surukata, Allah Ya yi mata rahama, takan ce ita dai a gidan mahauta ta tsufa, amma ba ta taɓa ganin dabbar da ke sha ba ta ci ba, ba ta haihuwa, ba ta yankuwa, kuma namiji da gemunsa ya zauna yana lallashinta. Sai ya yi dariya ya ce ai ita kaɗai ce dabbarsa da ba ta shiga gonar kowa.

Ga wanda bai san irinsa ba, don yanzu da yawa ba su sani ba, alƙalami ne mai ciki. Yana da hula da ake murɗewa a cire, da baki na ƙarfe mai tsaga a tsakiya, a can ƙarshen bakin kuma akwai wani ɗan ƙullutu da bai kai ƙwayar gero ba, shi ke taɓa takarda. A cikinsa akwai 'yar roba mai laushi kamar hanjin kaza. In an tsoma bakin a kwalba an matsa robar sai ya tsotsi tawada, har ka ji yana ƙurɓa kamar ɗan akuya. Ba a kwantar da shi cikin rana. Ba a sa shi a aljihu baki ƙasa. In bazara ta yi zafi yakan yi amai, kuma ni na san wannan fiye da kowa, don ni ke bin aljihun fararen rigunansa da lemun tsami.

Ranar Juma'a da hantsi, kafin ya yi wankan masallaci, ake yi musu nasu wankan. Da fari shi ke yi ina kallo, daga baya ya ce hannun da ya saba da jinjiri ya fi nasa, ya bar mini. Ruwan rijiyarmu yana da zartsi, ba a sa musu shi. Da damina nakan tari ruwan indararo in adana a wani ɗan tulu da ba mai taɓawa. In ya ƙare sai ruwan randa wanda ya kwana ya kwanta, in tace da ƙyalle. Ɗuminsa kamar na wankan jariri, ba sabulu, ba toka, ba kanwa. Ina da wata farar tasa da ba ta taɓa ganin miya ba. In matsa robar ya sha, in matsa ya fitar, ruwan ya yi shuɗi kamar na marina, ya koma kamar na bula, har ya fito fari tas. Sannan in tsayar da shi baki ƙasa a kan guntun tsohon kallabi cikin kofi, ya tsane. Duk wannan ana yi ana jin daka daga maƙwabta, awaki na kuka a turke, masu fura na talla a ƙofar gida. Shi yana zaune kan tabarma yana datse gashin baki, yana kallona ta gefen madubi, yana cewa a hankali dai, a hankali.

A lokacin ƙanensa yana zaune tare da mu, wanda yarana ke kira Baffa, ni kuwa Malam Ƙarami nake ce masa. Abokin wasana ne kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji, yana ce mini matarmu, ina ce masa mijin da ba ya cefane. Shi ma yana da alƙalumansa na gamba da yake feƙewa da aska, da kurtunsa na tawada. Tawadarsa zuge ce, gawayi da ƙaro ake dafawa, kuma sau da yawa ni na daka masa gawayin. Wata rana maigida ya ga kurtun kusa da farar tasata, sai ya ɗauke shi da kansa ya kai zaure. Ya dawo ya ce mini, ƙanen nasa kuwa ba ya nan: “Suna guda sunka tara, amma tawada biyu ta. Wagga ta kwalba, waccan ta kurtu. Ta kurtu da ƙaro cikinta, ran da duk ta shiga cikin wanga, ya mutu.” Ni ya gaya wa, don ni ke wanki. Bai ga dalilin gaya wa kowa ba.

Abin da ya ɗaure ni da alƙalamin nan ya faru ina goyon wannan da ke rubutu. A kasuwar Talata Mafara akwai wani mai akwatin gilashi, yana sayar da agogo da tabarau da alƙaluma. Maigida ba ya sayen alƙalami a tsaye. Yakan ɗaga bakin ya duba a hasken rana ko leɓɓan biyu sun daidaita, ya goga a farcen babban yatsa, ya auna nauyin a tafin hannu, ya murɗa hular ya ji ko tana kamawa. Mai akwatin ya san halinsa, ranar nan sai ya ba shi guda biyu ya ce ya je da su gida, Talata mai zuwa ya maido wanda bai yi masa ba. Ɗaya baƙi ne mai zobe ruwan zinariya, irin wanda in ya leƙo daga aljihu sai an gaishe ka. Ɗayan kore ne, ba ado, kamar ganyen kuka. Bayan la'asar ya zauna a ƙofar ɗaki da katako a cinya, ya rubuta da wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, yana tsaki. Ni na ba shi baya ina tankaɗe. Da abin ya ishe ni, ban ko juyo ba na ce masa wanda ya ajiye yanzu yana ƙarta kamar kaza a cikin karmami, na hannunsa kuwa tafiya yake kamar ana zuba gero a ƙwarya a hankali. Sai ya ajiye alƙalamin. Ya ce kada in juyo. Ya yi ta sauya su yana tambayata, har da yi mini wayo ya maimaita guda, ban kuskure ba. Ya yi dariya har goyona ta farka. Baƙin ya koma Mafara, koren ya zauna.

Tun daga ranar bai ƙara kiransa da wani suna ba sai “naki”. Miƙo mani naki. Naki na jin ƙishirwa. Ina kinka aje naki. Yaran nan duk sun tashi suna jin haka, kuma shi ya sa nake jin haushinsu yau, don ba wanda zai ce bai sani ba. Ban taɓa karanta ko layi ɗaya da ya rubuta ba, amma daga madafi nakan san abin da yake yi. Boko yana da taku gajeru, ajami yana jan ƙafa. In ya hana a yanka wata saniya an yi masa surutu a kasuwa, bakin alƙalamin yakan yi sauri yana cije takarda, sai in san ranar ba a tambayarsa komai sai ya ci tuwo. In gaisuwa yake rubuta wa wani abokinsa, sai ka ji kamar ana shafa bayan mage. Shi mutum ne marar yawan magana. Rabin abin da na sani na zuciyarsa ta bakin alƙalamin nan na ji shi.

Sai zamani ya juya. Biro ya cika gari, a yi rubutu da shi ya ƙare a jefar a kwata, ba wanka ba sallama. Mai akwatin gilashi ya rasu, inda yake zama yanzu rigunan waya ake sayarwa. Tawadar kwalba ta yi wuya, sai an ba direba sautu daga Gusau, wani lokaci ya dawo ya ce masu kanti dariya suka yi masa. Sauran alƙaluman suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tsage, wancan robarsa ta narke. Duk wanda ya mutu sai ya cire abin da ke da sauran amfani ya adana saboda koren. Shi kuwa koren kullum daɗi yake ƙarawa. Maigida a karkace yake riƙe alƙalami, shekara da shekaru ɗan ƙullutun nan ya cinye ta gefe guda, ya ɗauki kwanciyar hannunsa. Ya ce mini bakin alƙalami hannu ɗaya yake sani, in wani ya danna shi sai ya rikice. Saboda haka ba ya ba da aronsa, ko ga na gaba da shi a wurin aiki. Yana da biro a ɗaya aljihun saboda masu cewa ara mini. Malam Ƙarami, wanda a lokacin ya koma Dosara ta ƙasar Maradun ya kafa makarantarsa, duk zuwan da zai yi sai ya roƙa, wai ko bisimilla ce a bar shi ya ja. Yayansa ya miƙa masa biro. Ni kuwa in ce masa hannun da ya saba da kara ina shi ina ƙarfe.

Yanzu yara suna shafa gilashin waya da yatsa su ce sun yi rubutu. Ba abin da suka taɓa wankewa don ya daɗe. Takalmi ya tsinke a jefar, rediyo ya yi shiru a jefar, bokiti ya tsage a jefar. Wanda ya tashi a haka, ta ina zai yarda cewa ƙarfe na iya sanin hannun mutum? Ban ce su mugaye ba ne. Na ce kunnuwansu sun toshe, kuma toshewar nan ni ta ci.

Da ciwo ya kwantar da maigida, Juma'ar ƙarshe da ya iya zama ya ce in kawo masa naki da kwalba. Na riga na wanke shi ya tsane. Da ƙyar ya tsoma, ya matsa, na ji ƙurɓar nan. Ya ja layi ɗaya a takarda ya kasa ci gaba. Ya murɗa hular, ya ce in sa a aljihun rigarsa da ke rataye. Sannan ya ce: “Naki na nan cike. In ban tashi ba, ki wanke shi, kada tawada ta bushe mai ciki.” Daga ni sai shi a ɗakin. Bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Rubuta cewa ina kuka a nan, kada ki tsallake.

Da aka yi sadakar uku mutane suka ragu, na ɗauko farar tasata na sa hannu a aljihun rigar, ba komai. Na zazzage rigar, na ɗaga katifa. Sai ɗana, wanda ke bin kasuwannin shanu, ya ce ai Baffa ne ya ɗauka zai koma Dosara, ya ce yana son abin tunawa da ɗan'uwansa, su kuma suka ce ya ɗauka mana. Maza sun zauna a zaure sun ba da abin da ba nasu ba, ba wanda ya leƙo ya tambaye ni, don a ganinsu alƙalami kayan masu karatu ne, ni kuwa tabarma da tukwane sun ishe ni. Da na ɗaga murya sai ɗana ya ce: “Haba Inna, ana karɓar gaisuwa kina zancen biro?” Na ce masa in ya sake ce mai biro, kada ya sake ce mani Inna. Bayan kwana biyu ya shigo da wani mai ƙyalli a cikin kwali, wai ya fi wancan tsada. Na buɗe, biro ne aka sa wa hular zinariya. Na ba jikata ta yi wasa da shi.

Ga ni cikin takaba, ba fita, ba ko leƙa ƙofar gida, 'yar wuƙar da mai takaba ke riƙewa a hannuna, ina zaune kan tabarma guda. Da a zamanin da ne, da safe a hau mota, kafin azahar an kai Dosara an dawo. Yanzu kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama, ba a bin ta Maradun sai dole, kuma wanda ya bi sai an ga dawowarsa hankali ke kwanciya. Ba zan tura ɗan da na haifa ya sa ransa a hanya don alƙalami ba, wannan ko ni na sani. Sai na ce ya kira Baffansa a waya in an samu layi, ya gaya masa magana biyu: ya wanke shi da ruwa zalla, kada tawada ta bushe masa a ciki, ya ajiye har in fita. Na maimaita masa har ya gaji. Da ya samu layin yana tsakiyar kasuwa, shanu na kuka, abin da ya fita daga bakinsa shi ne wai Inna ta ce kada ka bar alƙalamin ya bushe ba tawada. Daga baya na san haka. A lokacin cewa ya yi ya isar, kuma Baffa ya ce in kwantar da hankalina.

Hankalin bai kwanta ba. Kowace Juma'a da hantsi sai in ji hannuna na neman tasa. Na yi ta kuka, na miji da na amanar da ya bar mini ban cika ba, har mata masu zuwa gaisuwa suka fara cewa kukan ya yi yawa, ina ɗora wa mamaci nauyi. Labari ya kai Dosara. Sai ga gora daga Malam Ƙarami ta hannun wani mai zuwa kasuwa, rubutun sha ne na dangana, wanda ake rubutawa a allo a wanke. Gorar farko ruwanta ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, da wani ɗaci a ƙarshen harshe. Ban kula ba, idona ya kumbura, na kafa kai na shanye a tsaye don a daina yi mini magana. Waɗanda suka biyo baya baƙaƙe ne kamar yadda aka saba, da ƙanshin hayaƙi da ƙaro. Na sha su duka. Har na aika masa da godiya, na ce Allah Ya bar zumunci.

Ranar fitar takaba na yi wanka na sa sabon zane, gida ya cika. Malam Ƙarami ma ya zo, ya biyo motar 'yan kasuwa. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari kamar na yayansa, har gabana ya faɗi da ya yi sallama. Muka gaisa, ya hanya, ya iyali, ya ɗalibai, ya ƙarin haƙuri, ya ruwa a can wajenku. Ni dai aljihunsa nake kallo. Can ya sa hannu ya fito da abu naɗe a hankici, ya miƙo da hannu biyu, fuskarsa cike da jin daɗi.

“Matarmu, ga amanarki. Ko yini guda ban bar shi da ƙishirwa ba, awa yadda kinka aiko.”

Hular ta ƙi murɗuwa. Da ƙyar ta buɗe, sai warin hayaƙi ya bugi hancina.

“Mi ka ba shi ya sha?”

“Tawada mana.”

“Wace tawada?”

“Tawada ai guda ta, matarmu. Tawa ma ta hi, da hannuna na dahwa ta, ƙaron ma ni na ɗebo.”

Na ɗaga bakin a hasken ƙofa kamar yadda maigida ke yi. Ɗan ƙullutun nan babu shi. Bakin ya zama fale-fale, mai faɗi, yana ƙyalli kamar sabuwar fartanya, leɓɓan biyu sun rabu kowanne ya kama gabansa. Na tambaye shi abin da ya sami bakin. Ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai ba da labarin alherin da ya yi. Wai bayan ya cika shi daga kurtu sai ya fara gardama, yana kakarewa, kuma tsininsa na kama allo. To shi abin da ya sani, alƙalamin da ya ƙi tafiya feƙe shi ake yi. Aska ta ƙi cin ƙarfen, sai ya goga shi a dutsen wasa wuƙa har ya yi faɗi, ya sa reza ya buɗa tsagar. Da ya toshe gaba ɗaya sai ya riƙa tsoma shi a kurtu kamar na gamba.

“Da shi na rubuta maki duk rubutun da kinka sha,” in ji shi. “Na ce hannun Yaya na cikinai, za ya hi saurin kama ki.”

Na ce masa shi in aka ba shi jinjiri ya ga ba haƙori, dasashin zai feƙe. Na ce masa yayansa ya hana shi aro yana raye, shi ne ya jira aka binne shi ya zo ya yanka masa harshe. Matan da ke ɗakin suka fashe da dariya, sun ɗauka wasan da muka saba ne, har wata na cewa yau mijin da ba ya cefane ya shiga uku. Wannan dariyar ta fi komai ƙona ni. Na yi shekaru ina zaginsa da wasa, ranar da na zage shi da gaske ba wanda ya gane. Shi ma ya fara dariyar, sai ya dubi fuskata ya daina.

“Ƙarhe na hwa, matarmu,” ya ce a hankali. “Yaya ya tahi. Ƙarhe ba ya maido shi.”

“Na san ba ya maido shi. Muryatai nike so, ita ka goge ga dutse.”

Na tashi na shiga ƙurya, na bar su da tuwon sadaka.

Na jiƙa alƙalamin a farar tasa. Ruwa ya yi baƙi, na zubar na sake, gari-garin gawayi na fita kamar tsakin gero. Robar ta ƙage da ƙaro, da na matsa sai ta fashe. Na ɗauko wata daga cikin waɗanda maigida ya adana, ɗiyata ta taya ni sawa. Da ruwan ya fito fari na tsayar da shi a kofi ya tsane, na ɗauko sauran tawadar kwalba, ya sha. Na ba ɗiyata takarda, na ce ta karkata hannu yadda ubanta ke yi. Na juya mata baya kamar ranar da nake tankaɗe tana goye a bayana. Ta ja. Kaza ce a cikin karmami. Ta sake ja, takardar ta yage, tawada ta zubo ta yi tabo. Ta ce in yi haƙuri, ta ji ana iya sayen sabon baki ta waya a aiko daga nesa. Na ce ta bar shi. Sabon baki bai san kowa ba, baƙo ne zai shigo cikin rigar mijina.

Har yau ban san inda zan ajiye fushin nan ba, shi ya sa ya ƙi ƙarewa. Ina fushi da ɗana da ya juya magana biyu a tsakiyar kasuwa. Ina fushi da hanyar da ta mai da Dosara kamar bayan duniya. Ina fushi da mazan zaure da suka ga macen da ba ta karatu ba ta da rabo a alƙalami, alhali ni na zaɓe shi, ni na yi masa wanka tun wannan mai rubutun tana goye har ta yi jikoki. Har shi maigidan, Allah Ya gafarta mini, ina jin haushinsa, da ya san tawada biyu ce ya gaya wa matarsa kaɗai ya bar ƙanensa cikin duhu. Shi kuwa Malam Ƙarami, abin da ya fi ci mini rai shi ne don ni ya yi. Da mugunta ce da na san abin da zan yi da ita.

Washegarin fitar takabar, kafin motarsu ta tashi, ya zo ƙofar ɗakina ya yi sallama. Na ci gaba da goge farar tasata. Ya sake yi, ya tsaya, ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule, irin na yayansa sak. Ya ce in yafe masa, bai sani ba. Ban ce na yafe ba, kuma har yanzu ban ce ba. Tambaya ɗaya na yi masa ta bayan labulen, na ce yaushe ya kai shi dutse.

Ya ce bayan allon farko ne. Allon farko bai sa masa komai ba, da sauran shuɗiyar da ya tarar a ciki ya rubuta shi, kuma bai taɓa riƙe alƙalamin da ke tafiya kamar haka ba, kamar wani ne ke jan hannunsa. Da ta ƙare ne ya cika shi daga kurtu.

Shuɗiyar nan ita ce maigida ya ba alƙalamin da hannunsa ranar Juma'ar ƙarshe. Ita ce a gorar farko, mai ɗaci a ƙarshen harshe. Duk abin da ya rubuta a duniya ban karanta ko ɗaya ba, na ƙarshen da bakin nan ya faɗa da muryarsa kuwa yana cikina. A tsaye na shanye shi, ban ko ɗanɗana ba, don mata su daina yi mini surutu.

Da na sani, da na zauna na sha a hankali.